Farantai Bakwai na Iya Fanna

Tun da na dawo daga Kano ban huta ba. Ko wane gida na shiga da kayan dillancina, kafin in kwance ƙunshi an tare ni da tambaya. Dije, yaya Kano? Dije, da gaske kin ga jirgin ƙasa? Dije, ya aka yi kika tafi da farantai bakwai kika dawo da shida? Na san ku sarai, wannan ta ƙarshen ita ce tambayar, sauran duk kewaye-kewaye ne. To ku gyara zama in faɗa sau ɗaya. Wadda ba ta nan ku ba ta labari, amma kada a ƙara masa gishiri, da gishirinsa ya zo.

Ga wadda ba ta san Iya Fanna ba, tsohuwa ce a cikin Birni, nan Damagaram, mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk sun riga ta, idonta kuma ya yi hazo, sai dai ta gane mutum da murya. Surukinta falke ne na zamanin raƙuma, har Tarabulus yake zuwa. Shi ya kawo farantan tangaran bakwai manya, irin na kai wa baƙi abinci, ya ba ta ranar da aka kawo ta gidan. Daminar bara soronta ya tsage, gara ta cinye azara, in ka ɗaga kai kana hango sama. Musa ɗan ƙanenta, manomi a Zermu, ya zo ya duba ya ce in ba a gyara ba kafin ruwan fari, zai zo da jaki ya ɗauke ta. Ba da mugunta ya faɗa ba, yaron kirki ne. Amma Iya Fanna ta ce ita a cikin Birni aka yanke mata cibi, ba za a binne ta a bakin gonar gero ba. Ta aika aka kira ni, ta jawo farantan daga ƙarƙashin gado, ta ce in sayar a rufe mata ɗaki.

Shekarar nan da ta biyo bayan ƙuri'ar i da a'a ce, Nasara sun fara haɗa kayansu, kowace madam na neman abin da za ta kai gida ta nuna. Kukun gidan kumandan, wato Baturen mulki, ya gaya mini akwai wani Balarabe a Kano, ana ce masa Sidi, shi ke saya musu tsofaffin tangaran, kuma ba ya ƙyashin kuɗi. Na ce to, Kano ta yi kira.

Sai dai ni dillaliya ce 'yar dillaliya, kuma abu biyu uwata ta koya mini tun ina bin ta da ƙunshi a ka. Na ɗaya, kaya ba ya fita kasuwa da tsufansa. Na biyu, kaya ba ya fita da alamar mai shi, don rufin asirin gidan da talauci ya sa suka sayar. Shekara ashirin da wani abu ina bin wannan, ba a taɓa jin sirrin wata daga bakina ko daga kayana ba, kuma ina taƙama da hakan.

Da na kai farantan gida na dube su a rana, sai tausayi ya kama ni. Furannin shuɗi ne da ya dushe. Bakin kowanne akwai wani zobe ruwan zinariya, nan akwai, can babu. Ga shi mai zanen kamar hannunsa na rawa, wannan fure ganye biyar, na kusa da shi shida, tsuntsu ɗaya ƙato ɗaya ramamme. Na samo toka da yashi mai laushi da lemon tsami, na zauna kwana uku ina dirza, har zoben nan ya fita tas, baki ya yi fari ƙal. Da na kifa su sai na ga wani ɗan zane ja a gindin kowanne, kamar hatimi. Na ce a'a, alamar gidan su Iya ce wannan, ba da ni za a tona mata asiri a Kano ba. Na ɗauko dutsen wasa wuƙa na goge shi, ko tabo ban bari ba.

Daga nan na kai wa Sani mai fenti, wanda ke zana akwatunan amare a Zango. Na ce ya tayar da furannin, ya daidaita su, kowanne ganye shida. Ya yi aiki, ba laifi. Ya sa shuɗi mai ihu, ya ƙara ja da kore daga aljihunsa. Har ya ce zai zana ɗan jirgin sama a tsakiyar babban, na hana shi, na ce ni ma ai na san inda ake tsayawa.

Shida ke nan. Na bakwai ban ɓata masa toka ba. Ya taɓa rabewa biyu tun zamanin surukin, wani maƙeri ya ɗinke shi da 'yan ƙarafuna, bakinsa kuma da giɓi. Na mayar wa Iya Fanna na ce ta ba kaji ruwa a ciki. Ta ce in dai tafi da shi, tare suka zo, kada a raba shi da 'yan'uwansa. Don kada ranta ya ɓaci na karɓa, na zuba guzurina a ciki, dambu da ɗan kilishi, na ɗaure da tsumma. Shidan kuwa na shimfiɗa musu auduga a kwando, na bi tsakaninsu da ƙaiƙayi, na rufe da zanena na zuwa biki.

Kamyon da na samu, wato babbar motar kaya, fatu ya ɗauko da kanwa, mu fasinja a bisa kaya. Tsakiyar bazara, ku ƙiyasta warin fata a wannan rana. Kusa da ni wani Babarbare ne, Malam Ari, mai kanwar da muke zaune a kai, mutum mai surutu da son cin abincin mutane. Ya gaishe ni da wushe-wushensa, ya dubi kwandon da na rungume ya tambaya ko jariri ne a ciki. Na ce abin da ke ciki ya fi kanwarsa duka daraja. Ya ce to Allah ya raya.

Ba mu kai Matamaye ba mota ta nutse a rairayi. Direba ya ce kowa ya sauka a tura, har mata. Na sauka, na ɗora kwandona a ka, na koma gefe na tsaya. Direba ya ce, baiwar Allah, ke ba za ki je Kano ba ne? Na ce zan je, amma na biya kuɗin a kai ni ne, ba na in kai mota ba. Aka tura, aka tura, ta fito, ba a yi nisa ba kuma ta fara huci tana hayaƙi. Muka zauna a gindin wani gawo ana jira ta huce. Nan na kwance guzuri, Malam Ari ya matso ba gayyata, wasu mutum huɗu suka biyo shi. Farantin mai ɗinki ya zaga hannu-hannu har aka suɗe shi. Direba ya zo ya ara, ya riƙa ɗibar ruwa daga tulu yana ɗura wa inji, ya gama ya cillo mini shi a kan yashi. Ko kallonsa ban yi ba, idona na kan kwando.

A iyaka, ɗan duwan na ɓangarenmu, wato ɗan kwastan, ya ɗaga zane ya leƙa, ya yi hamma, ya ce mu wuce. Na ɓangaren Ingilishi shi ne ma'aikaci, gajeren wando ya sha sitaci har yana iya tsayuwa ba mai shi. Ya ce dokarsu ita ce, tsohon kayan gida ya wuce kyauta, sabo a biya masa. Ya zaro faranti ɗaya, ya juya shi a rana, ya ce wannan sabo ne fil, daga kanti ya fito. Malam Ari ya zungure ni yana raɗa mini in ce na kakata ne, ai gaskiya ce ma. Ni kuwa jama'a, wani daɗi ne ya taso mini tun daga tafin ƙafa. Ma'aikacin gwamnati, mai ido, wanda ke ganin kayan duniya kullum, ya ce sabo ne! Na ce masa, ranka ya daɗe, maimaita, ban ji ba. Ya maimaita. Na kwance bakin zane na biya, har da godiya. Mai ɗinkin kuwa da yatsa ɗaya ya ture shi gefe. Malam Ari ya ce shekara talatin yana ƙetare iyakar nan, bai taɓa ganin wanda ya biya yana murmushi ba sai ni.

Muna barin wurin na ga direba ya koma hannun hagu ya miƙe. Na hango wata mota ta taho, na fara salati da ƙarfi, na ce rana ta taɓa masa kai. Malam Ari ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce haka ake tafiya a ƙasar Ingilishi, kowa hagu yake bi. Na ce mutanen da aka koya musu ci da dama, gaisuwa da dama, su rasa inda za su bi da mota sai hagu. Muka kwana a Daura, a rumfar wata mai tuwo, na yi matashi da gefen kwando. Washegari muka wuce Kazaure, da la'asar muna Kano.

A Fagge na sauka, gidan Uwani, 'yar unguwarmu da aure ya kai can. Kun tambaye ni yaya Kano. Kano mutane ne, ba iyaka, kuma kowa sauri yake kamar an aike shi ɗebo wuta. Kina cikin gaisuwa, ba ki kai ga tambayar gajiya ba, mutum ya hau kekensa ya tafi. Mu kuma sunanmu a can 'yan Faransa, ni da ban san ko da wace ƙofa ake fita zuwa Faransa ba. Kuɗinsu na ƙarfe hudajje ne a tsakiya, na ce wa Uwani ko don ya yi saurin zubewa ne. Furarsu ruwa-ruwa, ga sukari, sai ka ce ta mai jinya. Amma masarsu, in faɗi gaskiya, ta fi tamu, kada dai ku kai maganar gaba. Jirgin ƙasa na gan shi, dogo ne, yana da ƙara, shi ke nan. Uwani ta ga farantan ta riƙe baki, ta tara maƙwabta, wata ta ce in sayar mata ta yi wa 'yarta jere. Na ce su yi haƙuri, wannan ba kayan talaka ba ne.

Da hantsi mijin Uwani ya raka ni cikin birni, unguwar Larabawa, ya nuna mini zauren Sidi ya koma. Tsoho ne fari, siriri, da gilashi a ido, Hausarsa ta fi tawa. A Kano aka haife shi, kakansa ne ya zo daga Tarabulus. Ɗakin da ya shigar da ni cike yake da tangaran da tasoshi, duk sun dushe, wasu da tsaga, wasu ba murfi. Na ce a raina, Allah sarki, dattijo ba shi da mai yi masa wanki. Har na ƙudura in mun gama ciniki zan gaya masa sirrin toka da lemon tsami, kyauta.

Na buɗe kwando, na jera shidan a kan tabarma yadda haske zai buge su, na ƙwanƙwasa ɗaya da farce don ya ji amo. Na koma na zauna ina jiran ya riƙe baki.

Ya ɗauki babban, ya auna nauyinsa a tafi, ya kai hanci ya shinshina. Ya sa farcen babban yatsa ya kankare gefen fure ɗaya, fentin Sani ya ɓare, tsohon shuɗin ya leƙo daga ƙasa. Ya daɗe yana kallon wurin. Ya bi bakin farantin da yatsa, inda zoben yake a da. Sannan ya kifa shi, ya ga gindin da na goge sumul. Ya cire gilashinsa ya ajiye.

Ya ce, "Wa ya yi musu wannan?"

Na ce, "Ni ce." Kuma wallahi da alfahari na faɗa.

Ya tambaye ni abin da ke gindin kafin in goge. Na ce alamar gidan masu shi ce, mu a Damagaram ba ma tallan asirin mutane. Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce wannan hali ne mai kyau, Allah ya saka mini. Sai dai ba alamar masu shi ba ce, hatimin wanda ya yi farantin ne, da shi ake sanin garin da aka gasa shi da zamanin. Zoben bakin kuma zinariya ce ta gaske. Furen da na ce hannu na rawa, da shi ake gane mutum ne ya zauna ya zana ɗaya bayan ɗaya, don na inji ne ke fitowa daidai wa daida. Ya ce fenti kananzir zai cire shi, amma zinariya da hatimi sun tafi ke nan. Waɗanda yake saya wa ba za su karɓa ba, shi ma ba zai yi musu ƙarya ba. Ya ce a gidan kakansa akwai irinsu guda biyu, rabonsa da ganin wannan zane tun yana yaro.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ba kuɗin mota ne ya zo mini a rai ba, ba na iyaka ba. Jakin Musa na gani tsaye a ƙofar gidan Iya Fanna, ana ɗora mata tabarma da buta. Tsohuwa ta ba ni abin da ya rage mata a duniya, ni kuma na zauna kwana uku, da ƙwazona da gwanintata, na dirje shi da toka. Hawaye ya zo, na mayar da shi, don ban saba kuka gaban mai saye ba.

Na fara mayar da su kwando. Ina neman tsumman da zan cusa a gefe, sai na zazzage ƙunshin guzurina, mai ɗinkin ya gangaro kan tabarma, da maiƙon kilishi da baƙin man mota a jikinsa. Na kai hannu zan ɓoye shi don kunya, Sidi ya ce in dakata. Ya ɗauka da hannu biyu kamar an miƙa masa jariri ranar suna. Ya goge gindin da bakin rigarsa, farar riga, ga hatimin nan ja yana nan. Ya bi ƙarafunan ɗinkin ɗaya-ɗaya, ya ce maƙerin da ya yi wannan ya san darajar abin da ke hannunsa. Na san da wa ake.

Ya faɗi kuɗi. Na lissafa a raina da kuɗinmu, na ga azara, na ga ladan magina, na ga har da ɗan abin da za a sa a baka. Amma baki ya riga ya saba, sai ji na yi na ce, "Albarka."

Ya mayar da gilashinsa, ya dube ni ta samansa, ya yi dariya ta farko tun da na shigo, ya ƙara. Na sallama tun bai sake tunani ba. Da zan fita na kasa daurewa, na ce masa na wata tsohuwa ce mai son rufe ɗakinta, na tambaye shi, da na kawo shidan yadda suke fa? Ya ce kada in tambaya, in dai ina son in yi barci a hanya. Na nace. Ya ce da mai su ta rufe ɗakinta, ta je Makka ta dawo, ta kuma tafi da ni.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Mota ta bi hagu, ta koma dama, ban yi salati ba. Kwandon ma a ƙarƙashin ƙafata na ajiye shi.

Kwana biyu ina gida ban iya shiga Birni ba. Na shirya ƙarya kala uku, ko wacce ta fi 'yar'uwarta kyau. A rana ta uku na ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, na ɗauki kwando na tafi. Na same ta a tsakar gida. Na damƙa mata kuɗin, ta shafa, na ce a kira magina gobe. Sannan na durƙusa na faɗa mata duka, toka, dutse, Sani, hatimi, har Makkar da na goge mata. Ban rage komai ba.

Can ta ce, "Dije, da kin bar su yadda suke, da duka zai saye?"

Na ce, "Duka, Iya."

"Ko ɗaya ba zai dawo ba?"

"Ko ɗaya."

Ta ce in miƙo mata. Na ba ta babban. Ta shafa shi, ta juya shi wajen rana, ta kawo shi dab da fuskarta. Sai na ga bakinta na motsi. Ta ce ga ja nan, ga kore, wannan kuma tsuntsu ne ko? Na ce tsuntsu ne. Ta ce shekara goma rabonta da ganin komai a jikin farantan nan, sai dai ta shafa. Ta rungume shi a ƙirji, ta ce tun ranar da na fita da su ba ta yi barcin kirki ba, tana ta roƙon Allah ya rufe mata ɗaki, tana kuma jin kunyar roƙonsa ya dawo mata da kayanta, don kada ta cika roƙo.

An rufe soron kwana shida kafin ruwan fari. Musa ya zo, ba da jaki ba, da damin gero. Farantan shida ta sa magini ya manna mata su a jikin bango, saitin gadonta, inda hasken ƙofa ke faɗawa, ta ce ko ni ba zan ƙara ɓamɓare su ba. Ku je ku gani, ana hango jan Sani tun daga zaure.

Jiya na leƙa gaishe ta, na tarar tana ba wasu baƙi labari, wai duk Damagaram babu dillaliya kamar Dije. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga. Ta ji motsina, ta ce in shigo mana, dama tana nemana: akwai sauran wuri a tsakiyar babban, in gaya wa Sani ya zo ya sa jirgin saman nan nasa.